Kawu, Me Ya Sa Ka Yi Dariya?

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji abin da ya tsaya maka a rai. Ka ce ran da muka bi ta kasuwar Dole a Zinder, wata Bafillatana mai tallar nono ta kira ni bawanta a gaban jama'a, ta ce in zo in ɗaukar mata ƙwarya, ni kuwa na yi dariya har na miƙa mata dala ashirin. Kana tambaya ko wannan ba raini ba ne ga mai furfura.

Ba raini ba ne. Gidan da uwarka ta fito asalinsa Barebari ne, kamar gidaje da yawa a Birni, tun zamanin da Damagaram ke bin Barno. Tsakanin Babarbare da Bafillace kuwa akwai wasa, gadonsa muka yi. Ta ce ni bawanta ne, ni ma na ce da ita da shanunta duk mallakina ne. Da ta gan ni ta wuce ba ta tanka ba, wannan ne zai hana ni barci, don sai in ce wani abu ya shiga tsakaninmu.

Amma ka lura, wasa yana da masu shi. Kaka tana kiran jikanta mijinta, jikanya kuma kishiya. Kana wasa da matar yayanka. 'Ya'yana taubasanka ne, tunda ni da uwarka ciki ɗaya muka fito, shi ya sa kuke bin juna kuɗin shara idan watan cika-ciki ya kama. Haka Buzu da Bazabarme, haka Bagobiri da Bayarabe. To, ka taɓa ganin wanda ya yi irin wannan da mahaifinsa, ko da surukinsa? Wurin nan kunya ce ke mulki, uwa ma ba ta kama sunan ɗanta na fari.

Amfaninsa na gan shi da idona. Ina saurayi, shanu suka shiga gonar wani maƙwabcinmu Babarbare gab da girbi, suka yi ɓarna. Ya fito da gatari, makiyayin ya gyara sanda, mu yara muka ja da baya. Sai wani tsohon Bafillace ya ratso tsakiya ya ce wa mai gonar: "Kai bawa, yaushe ka yi gona da za ka hana shanun ubangidanka kiwo?" Mutumin nan jikinsa na rawa don fushi, amma dariya ta ƙwace masa. Aka zauna a gindin gawo, aka ƙiyasta ɓarna, aka biya. Da wani ne ya faɗi wannan magana, da jini ya zuba a gonar. Abokin wasa ba a fushi da shi, ba a kuma cutarsa, shi ne ke faɗa maka gaskiyar da ɗan'uwanka ke jin nauyin faɗa. Ba banza ba UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya a 2014.

Masu sana'ar ban dariya ma da iyakarsu. Ɗan kama zai naɗa rawani ya yi wa'azin tuwo da miya, malamai na zaune suna dariya. Yaran tashe, daga goma ga azumi, su kwaikwayi gwauro da mai rowa, kowa ya gane halin da ake nufi, ba a kama sunan kowa ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wanda nake gani a wayoyinku: a ɗauki hoton gurgu ko mai taɓin hankali ba da saninsa ba, a watsa, a ce barkwanci ne. Wannan bawan Allah ba abokin wasan kowa ba ne, ba shi da bakin ramawa. Matar nan ta kasuwa kuwa na rama, ta rama, muka rabu kowa na murna.

Ran Alhamis zan koma kasuwa. Ka zo mu je tare, in nuna mata kai, in gaya mata ɗan wa ne. Ka gaida uwarka.