Filin Masu Karatu: Otal ɗin zamani mai rahusa, ya dace da ɗan kasuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi, ina sayar da yadi da atamfa da mayafai. Shekara da shekaru iyakar fataucina Kano da Kwatano da Lome, kuma duk inda na je ina da mai masauki. Bana Allah ya nufa zan je Istambul da Dubai saro kaya karo na farko. Ɗana da ke karatu a Yamai ya nuna mini hotunan wasu otal-otal a waya, masu kyan gani ƙwarai, ya ce kamfani ɗaya ne ke da su a garuruwa da yawa, kuma kuɗinsu bai kai na manyan otal ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda wuri mai wannan ƙawa zai yi araha. Ina tsoron kada ya zama kyan ɗan maciji. Shin sun dace da mutum irina, mai salla, mai kaya, mai baƙi?

Daga wani mai karatu, unguwar Bagalam, Maraɗi.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a neman, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Tsoronka yana kan hanya, domin mun taso da sanin cewa araha ba ta ado, to ga wasu sun zo suna cewa sun haɗa arahar da adon wuri guda. Ba yaudara ba ce, lissafi ne irin na 'yan kasuwa, kuma idan ka gane lissafin za ka san ko kana cikin mutanen da aka yi shi dominsu.

Irin wannan masauki ya daɗe. Kamfanin Accor na Faransa ne ke da otal-otal ɗin ibis, waɗanda aka buɗe na farkonsu a garin Bordo a 1974, kuma yau sun kasu uku: ibis mai jan tambari, da ibis Styles mai kore, wanda ya fi ba ado muhimmanci, da ibis budget mai shuɗi, wanda ya fi su rahusa. Daga baya wasu suka shigo da sabon salo, kamar Motel One da aka kafa a Jamus a shekarar 2000, da citizenM da ya fara a filin jirgin saman Amsterdam a 2008, da Moxy na kamfanin Marriott da ya fara a Milan a 2014. A Dubai akwai Rove, wanda ya buɗe a 2016. Mu ma a nahiyarmu akwai Onomo, wanda ya fara a Dakar a 2009, ya bazu zuwa Abijan da Bamako da Lome da wasu birane, mai yiwuwa ma ka taɓa wuce shi a Lome ba ka shiga ba.

Lissafin nasu shi ne sun zauna sun duba abin da matafiyi ke biya wa kuɗi a babban otal amma ba ya amfani da shi, suka cire shi. Sun rage girman ɗaki ƙwarai, har a yawancin na Turai ɗakin ba ya wuce murabba'in mita 12 zuwa 16, wato gado da ɗan wurin tsayawa da banɗaki. Da ƙanƙantar ɗakin sai gini ɗaya ya ɗauki ɗakuna masu yawa, kuma ma'aikaciya ɗaya ta gyara da yawa a yini. Sun cire yaron ɗaukar kaya, sun cire kai abinci ɗaki, sau da yawa babu kabad sai 'yan maratayai a bango, wani wurin babu firji, babu butar dafa ruwa. Kuɗin da suka yi tsiminsa sai suka zuba shi a wuri uku: katifa mai kyau, shawa mai ƙarfin ruwa, da babban falon ƙasa da aka ƙawata da kujeru da fitilu. Mafi yawan hotunan da ɗanka ya nuna maka na wannan falon ne, don haka ka ce masa ya nemo maka hoton ɗakin kwana da na banɗaki, ya kuma karanta maka girman ɗakin, domin ana rubuta shi.

Abin da zan yabe su da shi ba tare da jinkiri ba shi ne tabbas. Baƙon da bai san gari ba, bai ji harshen mutanensa ba, babban abin da yake bukata shi ne ya san abin da zai tarar kafin ya isa. A otal na kamfani guda, zanen gado wankakke ne, ƙofa tana kulluwa da kyau, akwai mai tsaron wurin karɓar baƙi dare da rana, intanet na aiki, kuma farashin ɗakin da aka rubuta maka shi ne za ka biya, ban da harajin baƙi a inda ake karɓarsa, za a ba ka rasit. Wanda ya taɓa sauka a ƙaramin masaukin da hotonsa daban zahirinsa daban, da kuɗin saro kaya a jikinsa, ya san darajar wannan.

Sai dai, Alhaji, kada ka tafi da tunanin fatoma. Mai masaukinka na Kwatano yana ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka idan rigima ta taso, ya ciyar da kai da wanda ya biyo ka. Otal ɗin nan gado yake sayar maka na dare ɗaya, kuma an tsara shi ne domin matafiyi mai jaka guda. A nan ne nake ganin zai fi takura maka. Idan ka fara kwaso dilolin mayafai daga Laleli ko Merter, unguwannin 'yan tufafi na Istambul, kana shigo da su ɗaki, kwana biyu ba za ka sami inda za ka shimfiɗa darduma ba, kuma masu otal ba za su yarda a cika musu hanya da ƙunshin kaya ba. Abin da 'yan kasuwar da suka saba ke yi shi ne, duk abin da suka saya a kai shi kai tsaye ma'ajiyar kamfanin jigilar kaya, a auna, a rubuta sunansu, su koma masauki da takarda kawai. Ka daidaita da mai jigilarka tun kana Maraɗi, ta bakin abokan sana'ar da suka riga ka zuwa. Haka kuma batun baƙi: ba a son wanda ba a rubuta sunansa ba ya hau ɗaki, a wasu wuraren ma na'urar hawa bene ba ta tashi sai an goga mata katin ɗaki. Falon ƙasa shi ne zaurenka, nan za ka gana da dillali ko abokin ciniki, kuma an yi shi ne don haka. Amma ka sani a yawancin na Turai, da wasu na Istambul, a cikin wannan falon ake sayar da giya, musamman da dare. Idan zama kusa da wurin zai dame ka, ka sa ganawarka da safe, ko ku fita gidan shayi.

Game da ibada, Dubai ba za ta ba ka wahala ba. A can za ka tarar da alamar alƙibla a rufin ɗaki ko a cikin aljihun teburi, akwai tiyon tsarki a banɗaki, masallatai kuma ko'ina. A Turkiyya ma bakin masai yana da ɗan famfon tsarki a jikinsa, kuma kiran salla zai iske ka har ɗaki. Wanda zai wuce Faransa ko Jamus shi ne zai tarar da takarda kawai, don haka ƙaramar buta ta roba ba ta da nauyi a jaka, ni ba na tafiya ba tare da ita ba. Ka sa ɗanka ya ɗora maka manhajar alƙibla da lokutan salla a waya. Wurin alwala ƙaramin kwano ne mai tsayi, wanke ƙafa a ciki yana da wuya ga mai shekaru, kuma tayil idan ya jiƙe yana da santsi, gara ka yi alwalarka a wurin shawa.

Akwai abin da ya taɓa faruwa da ni wanda nake so ka kauce masa. Na sauka wani birni da asuba, na isa otal wajen ƙarfe bakwai na safe a gajiye, ina zaton da na miƙa fasfo za a ba ni ɗaki. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce mini cikin ladabi ɗakina ba zai samu ba sai ƙarfe uku na rana, domin wanda ke ciki yana da dama har sha biyu, sannan a gyara. Ta karɓi jakata ta ɗaura mata lamba ta sa a ɗakin ajiya, ni kuwa na zauna kan kujera a falo, barci na fizgata, har azahar ta yi. Wannan ƙa'ida ce ta kusan dukkansu: shiga ƙarfe biyu ko uku na rana, fita sha biyu, wasu ma sha ɗaya. Idan jirginka da sassafe zai sauka, ko dai ka rubuta musu tun da wuri ka nemi shiga kafin lokaci, wanda sau da yawa akan biya wani abu a kai, ko ka kama ɗakin tun daga daren da ya gabaci isowarka, ka sanar da su cewa da safe za ka iso don kada su ɗauka ka fasa. Da ka shiga kuma ka ga wuta ba ta kama ba, duba jikin bango kusa da ƙofa, akwai ɗan aljihu da ake zura katin ɗaki a ciki, shi ke kunna fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, kuma da ka zare shi komai zai mutu, har cajin wayar da ka bari.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Farashin waɗannan otal-otal ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon cikar gari, ɗakin da aka kama da sauƙi a wannan mako yana iya ninkawa a makon da ake babban baje koli. Kuma kowane ɗaki yana da farashi iri biyu, mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗinsa idan ka fasa, da mai ɗan tsada wanda za ka iya sokewa. Tunda tafiyarka ta rataya a kan biza da jirgi, kada ka ɗauki na farkon sai biza ta fito. Ka riƙa juya farashin zuwa kuɗinmu kafin ka amince: Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, don haka ɗakin Yuro 70 ya kusa jikka 46 a dare guda, kwana bakwai kuwa ya haura jikka 320. Karin kumallo sau da yawa daban ake biyansa. Akwai kuma harajin baƙi, wanda a Dubai ake karɓa a kan kowane ɗaki kowane dare, daga dirhami 7 zuwa 20 gwargwadon darajar otal. Yawancinsu suna neman katin banki wajen kama ɗaki, wasu ma ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, wasu kuma sukan riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina har sai ka fita. Ka je bankinka a nan Maraɗi ka tabbatar katinka yana aiki a ƙasashen waje, ka kuma san iyakar abin da zai iya fitarwa a rana.

Shawarata ita ce ka sauka a irinsu a wannan tafiyar ta farko, amma ka zaɓa da unguwa, kada ado ya ja ka. A Dubai kasuwancinka yana yankin Deira, wajen unguwar Naif da kewayenta, kuma Rove da ibis duk suna da rassa a Deira kusa da jirgin ƙasa na cikin gari. A Istambul ka nemi wanda ke kusa da layin taragon da ke bi ta Laleli da Aksaray zuwa Zeytinburnu. Otal mai rahusa da ke bayan gari, kuɗin tasi zai cinye rahusar cikin kwana biyu. Kada ka manta da abin caji: na Turkiyya irin namu ne mai ƙafa biyu zagayayyu, na Dubai kuwa mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda ka saba gani a Kano.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Zan raka mahaifiyata Kazablanka ganin likita, tare da ƙaramin ɗana mai shekara huɗu. Za mu iya kama ɗaki ɗaya mu uku a irin waɗannan otal-otal don mu rage kashe kuɗi?

Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA

Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alherin wannan hidima. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka yarda su kwana a cikinsa, kuma yawanci biyu ne, don haka wajen kama ɗakin ki rubuta manya biyu da yaro ɗaya tare da shekarunsa, kada ki bari sai kun isa. Otal da yawa suna barin ƙaramin yaro ya kwana a gadon iyayensa ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma ki nemi su tabbatar miki a rubuce. Ki nemi ɗaki mai gado biyu, kusa da na'urar hawa bene, ki kuma tambaya ko suna da ɗakin da aka tanada domin masu wahalar tafiya, wanda ya fi faɗi kuma banɗakinsa yana da maƙarin riƙewa. Ki duba hoton banɗakin da kyau, domin a wasu na zamanin nan bangonsa gilashi ne mai dishi-dishi a cikin ɗakin, abin da zai sa ke da Inna ku takura. Idan zaman zai wuce mako guda, kuma likita ya tsara mata abin da za ta ci, ɗakin da babu firji babu wurin girki ba zai yi muku ba, gara ki nemi gidan haya mai kayan ɗaki da kicin kusa da asibitin, ki bar otal ɗin ya zama na kwana biyun farko kafin ku san gari.