Amsa ga mai tambaya kan 'yan matan Jamaika da suka fitar da Brazil

Salam ɗan'uwa. Ka yi tambaya cewa ta yaya ƙaramin tsibiri kamar Jamaika, da mutanensa ba su kai miliyan uku ba, ya iya fitar da Brazil a Gasar Kofin Duniya ta mata ta 2023, kuma wai sa'a ce ko gwamnatinsu ce ta zuba kuɗi. Na ga wasu sun ba ka amsa da "ai ƙwallo ce, komai na iya faruwa", wani kuma ya ce ai ƙasar Usain Bolt ce dole su iya gudu. To ni dai na daɗe ina bin ƙwallon mata tun lokacin su Perpetua Nkwocha, kuma wannan tim ɗin na bi ta sosai tun 2018, bari in faɗa maka abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Maganar kuɗin gwamnati ko na hukumar ƙwallo ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Wallahi akasin haka ne ma. Yaran nan sun kai inda suka kai ne duk da hukumarsu, ba don ita ba.

Ana ce musu Reggae Girlz, kamar yadda ake ce wa mazansu Reggae Boyz, waɗanda suka je Kofin Duniya na 1998 a Faransa. Matan sun fara wasan ƙasa da ƙasa a 1991, a wata gasar yankinsu ta CONCACAF da aka yi a Haiti, kuma ba su taɓuka komai ba. Daga nan sai a hankali, yau a fito gobe a ɓace, mafi kyawun abin da suka yi a wancan zamani shi ne zuwa na huɗu a gasar yankin ta 2006. Ka tuna yankin nasu akwai Amurka da Kanada da Meziko, to ƙaramar ƙasa ina za ta sa kanta. Sannan a can Jamaika yarinya mai jini a jika ba ƙwallon ƙafa ake tura ta ba, tsere ne, ko kuma wasan nan na jefa ƙwallo a raga da hannu da mata ke yi a ƙasashen rainon Ingila, wanda a shi suna cikin manyan duniya. Ƙasar su Shelly-Ann Fraser-Pryce, gwanar tseren nan, ce fa. Don haka ƙwallon ƙafa ta mata ba ta da gata tun asali.

Bayan sun kasa samun gurbin Olamfik na 2008 sai tim ɗin ta daina wasa, hukumar ƙwallon ƙasar, JFF, ta ce babu kuɗi. Na maza kuma ba a taɓa cewa a rufe ba. Shekaru suka wuce ba wasa ba atisaye har sunansu ya fita daga jadawalin FIFA kwata-kwata. Wato a takarda ma babu su.

A 2014 ne abin ya juya, kuma ta wata hanya da ba wanda zai zata. Cedella Marley, 'yar mawaƙin nan Bob Marley, tana zaune a Amurka, sai ɗanta ya dawo daga tirenin da wata 'yar takarda da kocinsu ya ba shi, ana neman taimako don a farfaɗo da tim ɗin mata. Ita ma ba ta san ma an rushe ta ba. Babanta an san shi da son ƙwallo kamar me, to sai abin ya tsaya mata a rai, ta shiga ta fita, ta zama jakadiyar tim ɗin, ita da 'yan'uwanta suka saki waƙa don tara kuɗi, aka buɗe asusun neman gudummawa a intanet, gidauniyar mahaifinta ta shigo. Da wannan kuɗin aka riƙa biyan jirgi da masauki da abinci, har da kananan abubuwan da mace 'yar wasa ke buƙata waɗanda maza a ofis ba sa ma tunawa da su. Koci kuma aka samu Hue Menzies, mutumin da ke da makarantar ƙwallon yara a Florida, ya yi shekaru yana aikin nan kyauta ba albashi, tare da Lorne Donaldson wanda shi ma a Amurka yake horar da yara. Ba su samu zuwa Kofin Duniya na 2015 ba, kuma ka san me hukumar ta yi? A 2016 ta sake rufe tim ɗin. Karo na biyu kenan. Sai da Cedella ta sake tashi tsaye aka dawo da su don neman gurbin Kofin Duniya na 2019 a Faransa.

Wasan da ya sa na fara bin su shi ne na 17 ga Oktoba 2018 a Frisco da ke jihar Texas, a gasar yankinsu ta neman gurbi. A rukuni Kanada ta ci su 2-0, suka ci Kosta Rika 1-0, suka lallasa Kyuba 9-0, sai Amurka ta zuba musu shida a wasan kusa da na ƙarshe, wannan kam ba abin mamaki ba ne. Saura wasan neman na uku da Panama, wanda ya ci ya tafi Faransa kai tsaye. Khadija Shaw ta fara ci, Panama ta farke, a ƙarin lokaci wata yarinya 'yar shekara 16, Jody Brown, ta ƙara, Panama ta sake farkewa, 2-2. Ana dab da tashi sai Menzies ya cire golarsa ya sa Nicole McClure don bugun fenareti kawai, irin abin da kocin Holan Van Gaal ya yi da gola Krul a Kofin Duniya na 2014. Ta tare biyu. Dominique Bond-Flasza ta buga na ƙarshe, 4-2. Su ne ƙasar Karibiyan ta farko da ta taɓa zuwa Kofin Duniya na mata.

A Faransa 2019 an ci su duka wasa uku, Brazil 3-0, Italiya 5-0, Ostareliya 4-1 inda Sam Kerr ita kaɗai ta ci huɗun. Amma Havana Solaun ta ci musu ƙwallonsu ta farko a tarihin gasar, kuma gola Sydney Schneider mai shekara 19 ta tare fenareti a wasan Brazil. Suna dawowa gida sai rigimar kuɗi, a watan Satumba 'yan wasan suka fito fili suka ce in ba a biya su haƙƙinsu ba ba za su sake buga wasa ba, Menzies ma ya ajiye aikin kafin ƙarshen shekarar.

Yanzu ga ainihin amsar tambayarka a ganina. In hukuma ba ta yi komai ba, daga ina 'yan wasan suka fito? Wuri biyu. Na farko jami'o'in Amurka. A can akwai dokar 1972 da ta tilasta wa makarantu su ba mata dama a wasanni kamar yadda suke ba maza, saboda haka jami'o'i na neman 'yan ƙwallo mata da sukolashif, kuma Jamaika na nan kusa, Turanci suke yi, to yarinyar da ta iya taka leda sai a ɗauke ta, ta samu fili mai kyau da koci da likita da abinci, ga karatu. Khadija Shaw misali ce. A Spanish Town aka haife ta a 1997, unguwa mai wuyar zama, ta rasa 'yan'uwanta maza uku a rikicin 'yan daba, wani kuma a hatsarin mota. Mahaifiyarta ma da farko ba ta so ta yi ƙwallo. Ta tafi Amurka ta ƙare a Jami'ar Tennessee, daga nan Bordeaux a 2019, sai Manchester City a 2021, kuma yau ba wanda ya kai ta cin ƙwallo a tarihin Jamaika, mace ko namiji. A kakar 2023/24 ita ta ɗauki takalmin zinare a lig ɗin Ingila da ƙwallo 21. Wuri na biyu kuma 'ya'yan 'yan Jamaika da aka haifa a waje. Gola Rebecca Spencer a Ingila aka haife ta, Drew Spence ta yi shekaru a Chelsea har ta taɓa saka rigar Ingila, Allyson Swaby da ƙanwarta Chantelle, su biyun da suka riƙe tsakiyar baya, a Amurka suka tashi. Wannan kam mun san shi, mu ma da su Ashleigh Plumptre da Michelle Alozie muke taƙama. Kuma in ba ka manta ba a Yunin 2021 a Houston Jamaikan nan ta ci Super Falcons 1-0 a wasan sada zumunta, lokacin mutane suka yi ta zagin kocinmu na lokacin, Waldrum, ba su san yaran sun fara nuna ba.

A 2022 aka ba Donaldson tim ɗin ana saura 'yan makonni gasar neman gurbi a Monterrey, suka ci mai masaukin baƙi Meziko 1-0, suka ci Haiti 4-0, suka sake samun tikiti. Amma saura wata guda a fara gasar 2023 sai ga wasiƙa daga 'yan wasan a shafukansu na sada zumunta suna kuka da hukumar, rashin tsari, rashin wasannin gwaji, matsalar tafiya da masauki, alawus ba ya zuwa kan lokaci. Har sai da mahaifiyar Havana Solaun ta buɗe asusu a GoFundMe tana roƙon jama'a su taimaka. Tim ɗin da za ta Kofin Duniya fa, ana yi mata bara a intanet.

Wasan Brazil ɗin na kalle shi a gidan kallon unguwarmu. Ranar Laraba ce, 2 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe agogonmu tunda a Melbourne ake yi, sai da muka roƙi mai gidan ya tada janareto don cewa ya yi ba zai ƙona mai a kan ƙwallon mata ba, muka haɗa masa kuɗin man. Ba mu da yawa, kuma kusan kowa Marta, tauraruwar Brazil, ya zo gani. Lissafin a fili yake: Jamaika ta yi canjaras 0-0 da Faransa, inda aka ba Shaw jan kati a mintin ƙarshe, sannan ba tare da ita ba suka ci Panama 1-0 da kan Allyson Swaby daga kwana, maki huɗu kenan. Brazil na da uku, dole sai ta ci. Kuma abin da na gani ba sa'a ba ce. Layi biyu suka ja a gaban gidansu, tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya ba ta fi taku goma ba, sun bar wa Brazil gefe ta yi ta kurosin, duk wanda ya shigo sai kan ɗaya daga cikin Swaby ko hannun Spencer. Shaw ita kaɗai a gaba, in ƙwallo ta zo sai ta sa jiki ta riƙe ta, a yi mata keta, a ci minti ɗaya. Wani dattijo da ke kusa da ni yana ta cewa wannan ai ba ƙwallo ba ce gadi ne, na ce Baba ai gadin ma iyawa ne. Da aka cire Marta wajen minti na 80 gidan ya yi tsit, har mai janareton ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Aka tashi 0-0. Brazil ta fita tun a rukuni, abin da rabon da ya faru tun 1995, kuma wasan Marta na ƙarshe kenan a Kofin Duniya bayan zuwa shida. Wasa uku ba a zura wa Jamaika ko ɗaya ba, su kuma ɗaya tak suka ci. Wanda zai ce wasansu ba daɗin kallo ba zan yi musu da shi ba, amma tim ɗin da a lokacin take ta 43 a duniya in ta buɗe wa ta 8 wasa ai ta kashe kanta, sun gwada hakan a 2019 sun kwashi 12.

A zagayen 'yan 16 Kolombiya ta cire su 1-0 ranar 8 ga Agusta, Catalina Usme ta ci, kwana ɗaya bayan Ingila ta cire mu a fenareti.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin nan kamar wani fim mai daɗin ƙarshe, 'yar mawaƙi ta ceto tim, shi ke nan a tafa. Bi abin da ya biyo baya ka gani. FIFA ta ware wa kowace 'yar wasan da ta kai zagayen 'yan 16 dala 60,000, amma ta hannun hukumomi kuɗin ke bi. A Satumba Kanada ta hana su zuwa Olamfik na Paris, hukumar ta ƙi sabunta kwantiragin Donaldson, mutumin da ya kai su inda ba su taɓa zuwa ba. A Oktoba 'yan wasan da suka je Kofin Duniya suka ƙaurace wa wasannin neman gurbin gasar yankin, suka ce ba a gama biyansu ba kuma ana wulaƙanta su, hukumar ta kwaso wasu yara ta buga da su, ba su samu gurbin ba. A Janairun 2024 Cedella Marley da kanta ta ajiye muƙamin jakadiyar. Duk wannan cikin wata shida da fitar da Brazil.

Saboda haka wanda ya ce a cikin masu ba ka amsa wai mu yi koyi da Jamaika, ni ban yarda ba. Me za mu koya, mu jira wata mai kuɗi ta ji tausayinmu? Jami'o'in Amurka da kulob-kulob na Ingila ne suka yi musu renon 'yan wasa, lig ɗin mata na cikin gida a can ba ƙarfi gare shi ba, ko kusa da namu bai kai ba, mu da muke da su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Nasarawa Amazons duk da halin da suke ciki. Abin da ya burge ni a wajensu shi ne haɗin kan 'yan wasan, in za su rubuta wasiƙa tare suke sa hannu, babbar tauraruwa Shaw na ciki, ba a samu wadda ta zame ta bi bayan fage ba. Manyan 'yan wasan sun koma tim ɗin daga baya a 2024, bayan an dawo da Hubert Busby a matsayin koci, shi ne wanda ya riƙe su a wancan wasan da suka ci mu a Houston.