Zauren Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koyar da manufofin muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar malama ce a wata jami'a a Arewa, kuma bana aka ba ni kwas ɗin manufofin muhalli da ci gaba mai ɗorewa na 'yan aji uku. Ɗalibai sun haura ɗari biyu. Suna haddace Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17 tsaf, su juye mini su a takardar jarrabawa, amma da na tambaye su me za su ba shugaban ƙaramar hukumarsu shawara a kai, sai aji ya yi tsit. Kuɗin fita da su kuma babu. Yaya zan yi? Daga wata malama, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a wannan aiki da kika karɓa.

Shawarata ita ce ki ajiye muradun nan 17 tukuna, ki bar su sai ƙarshen zango. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta amince da su a 2015 da wa'adin 2030, kuma ba abin banza ba ne, amma jerin buri ne da kowa zai ce amin. Wa zai yi musu a kan a kawar da yunwa ko a samar da ruwa mai tsabta? Shi kuwa tsara manufa yana farawa ne a inda buri biyu masu kyau suka yi karo, dole wani ya samu wani ya rasa. Idan ɗalibi bai taɓa tsayawa a irin wannan wurin ba, haddar kawai zai iya.

Ke da kike Jigawa ma kin yi sa'a, don darasin yana ratsa jiharku. Ni da shi nake buɗe wannan kwas. Nakan zana kogi a allo tun daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, da ta Challawa da aka kammala a 1992. Kogunan biyu su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya sadu da ruwan Jama'are, su wuce Gashuwa a matsayin Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. Sai in ce wa ɗalibai: ga ruwa ɗaya, ku raba.

Daga sama akwai birnin Kano da ke sha daga matatun Challawa da Tamburawa, akwai manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, masu shinkafa da tumatir da alkama. Waɗannan ba wanda zai ce ba su amfana ba, kuma ƙasa ta ci abin da suka noma. Daga ƙasa kuma akwai mutanen da rayuwarsu ta ginu a kan ambaliyar damina: ruwa ya malale, kifi ya yi ƙwai, a shuka shinkafa, in ya janye a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, makiyaya su shigo da shanu da rani, rijiyoyi su cika ta ƙarƙashin ƙasa. Madatsun sun rage wannan ambaliya, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980 da ya ƙara tsananta lamarin. Ki faɗa musu duka biyun, kada a ɗora wa madatsa laifin da na fari ne.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibai shi ne kachalla, doguwar ciyawar da ke tsirowa a cikin ruwa. A da kogin yakan ƙafe da rani, ciyawar ba ta samun gindin zama. Da aka koma sakin ruwa daga madatsa kusan duk shekara, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kachalla ta yi kaka-gida, ta tare laka, ta toshe wasu rassan kogin. Ruwa ya karkata ta mashigar Marma ya cinye gonaki a wajen Nguru, wasu garuruwan kuma aka bar su da busasshen kwari. Jan-baki suka samu masauki a cikin kachallar, suna fitowa su afka wa gero da shinkafa. Babu injiniyan da ya nufi haka a 1974. Wannan shi nake so ɗalibi ya riƙe: shawarar da aka yanke a ofis tana iya tashin gari mai nisan ɗaruruwan kilomita bayan shekara ashirin.

Yawan ajinki ma a nan zai yi miki amfani. Ki kasa su gida-gida: manoman Kadawa, masuntan Nguru, makiyaya, hukumar ruwan Kano, gwamnatin Yobe, mata masu noman lambu a fadama. Ki ba su batun madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan Kogin Jama'are a Jihar Bauchi, wadda mutanen Yobe da Borno suka yi ta nuna fargabarsu a kanta, domin Jama'are ne babban kogin da ya rage ba a datse ba. Kowane rukuni ya kare matsayinsa da hujja. Ki bari su fara muhawarar da Hausa in sun fi sakewa, rubutun ne za su yi da Turanci. Za ki ji yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba yana bayanin yadda mahaifinsa ya bar kamun kifi ya koma aikin ƙwadago.

Bayan wannan ne dokoki za su yi musu ma'ana. Sai ki kawo labarin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, inda aka jibge guba daga Italiya a 1988, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar. Sai dokar 1992 da ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, sai NESREA, hukumar da ke tilasta bin dokokin muhalli, a 2007, sai dokar sauyin yanayi ta 2021. Ki tambaye su: da dokar 1992 tana nan lokacin Tiga, waɗanne tambayoyi ya kamata a yi, kuma su wa ya kamata a zauna da su?

Kada kuma su fita da tunanin cewa komai lalacewa yake yi. Ki tsallaka da su Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su toho a cikin gona, suna sassabe su bar rassa masu ƙarfi, maimakon a tumɓuke. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba dashe ne ya kawo wannan ba. Wani babban dalilinsa shi ne an sassauta riƙon da hukumar gandun daji take yi wa itatuwa, manomi ya tabbata icen da ya yi rainonsa nasa ne. Wannan darasin manufa ne tsantsa.

Batun kuɗin mota kuwa, kowane ɗalibi yana da garinsu. Lokacin hutu ki sa ya zauna da dattijo ɗaya ko dattijuwa, ya tambayi abin da ya sauya a rijiya, ko burtali, ko kududdufi, ko bolar unguwa, sannan ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda mai shafi biyu: ga matsala, ga zaɓi biyu, ga kuɗin da kowanne zai ci, ga wanda zai rasa. Ki ba wannan maki mai tsoka. Dubawa za ta ba ki wuya, na sani, amma ki bari su yi mutum biyar-biyar in 'yan ƙaramar hukuma ɗaya ne.

Tambaya: Malam, 'yata ta nemi likitanci aka ba ta kula da muhalli. Akwai aiki a wannan fanni kuwa? Daga wani uba, Katsina.

Amsa: Alhaji, akwai, amma takardar digiri ita kaɗai ba ta isa. Ana neman irinsu a ma'aikatun muhalli na jihohi, da NESREA, da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, da shirin farfaɗo da ƙasa da noma na ACReSAL da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da kamfanonin da ke rubuta rahoton tasirin ayyuka. Waɗanda na ga sun samu shiga da wuri su ne masu sana'a a hannu: haɗa taswira a kwamfuta, gwajin ruwa da ƙasa a ɗakin gwaje-gwaje, da rubuta rahoto mai tsabta. Ka taimaka mata da kwamfuta tun tana aji biyu, kuma lokacin horon sanin makamar aiki ta nemi inda ake fita fili da gaske, ko da ya fi nisa da gida. In har zuciyarta na kan lafiyar jama'a, ta karanta abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa zinare a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Likitoci sun yi jinya, amma sai da masana muhalli suka kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen kafin maganin ya yi amfani.