Amsa: Jirgin ƙarƙashin teku ya taɓa ɗaukar jirgin sama?

Malam, ka tambaya ko an taɓa ƙera jirgin ƙarƙashin teku mai ɗauke da jirgin sama. An ƙera, kuma Japan ce ta yi zarra. Ingila ta gwada da jirginta M2, amma ya nutse a 1932 tare da mutum 60, bayan ruwa ya shiga ta ƙofar ɗakin ajiye jirgin saman.

A watan Satumba na 1942, jirgin ƙarƙashin teku na Japan I-25 ya harba ƙaramin jirgin sama wanda Nobuo Fujita ya tuƙa, ya jefa bama-baman tayar da gobara a dazuzzukan Oregon a Amurka. Daga baya Japanawa suka ƙera I-400, mai tsawon mita 122, wanda ke ɗaukar jiragen sama uku samfurin Seiran da fikafikansu a naɗe, da niyyar ragargaza mashigin Panama, sai dai yaƙin ya ƙare a 1945 kafin su kai hari.

A ganina, babbar matsalar ita ce dole jirgin ya fito saman ruwa kafin ya harba jirgin saman, a lokacin kuwa ya rasa ɓoyon da shi ne ƙarfinsa. Amurka ta nutsar da I-400 kusa da Hawaii a 1946, don kada Tarayyar Soviet ta bincike shi.