Ga mai tambaya ko zai iya cin abincin Tailan

Ƙanena, saƙo na huɗu ke nan da na samu cikin watan nan, kuma duk tambayar ɗaya ce: "Yaya, ya abinci a Tailan? Zan iya ci kuwa?" Ba wanda ya tambaye ni batun kai rahoton adireshi ga hukumar shige da fice duk kwana 90, ko cewa bizar karatu ba ta ba ka izinin aiki. Kowa cikinsa ya sani. To, bari in amsa maka.

Ranar da na sauka Hat Yai, a kudancin ƙasar, rabin jakata kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Na rantse miyar da aka zuba wa madarar kwakwa ba za ta shiga bakina ba. Mu da muka san kwakwa a faranti da dabino da aya, me ya kai ta tukunyar miya? Wata huɗu kukar ta ƙare. Na koma Indomie da ƙwai har wando ya fara zame mini.

Wani abokin karatuna Musulmi, ɗan lardin Pattani da ke kudancin ƙasar, shi ya ja ni wani ɗan gidan abinci. Mai wurin, dattijuwa ce da lulluɓinta, ta dire mini kwanon da suke kira kaeng khiao wan, wato koriyar miya mai zaƙi. Launinta kamar an dama zogale da nono, mai na yawo a sama. Kunyar idonta kawai ta hana ni tashi.

Lomar farko ba zaƙi ya tare ni ba, barkono ne, ɗanye kore, wanda shi ke ba miyar launi. Nan take zufa ta keto mini. Sai ƙanshin ganyen lemun tsami. Sai na tauna wani abu zagayayye, bai kai gujiya girma ba, ya fashe da ɗaci. Wallahi gauta ce, ƙarama ce kawai! Can ƙasa kuma akwai wani wari da hancina ya so ya gane. Na tambaya, aka ce kapi ne, ƙananan jatan lande da ake cakuɗawa da gishiri a bar su su ruɓa. Daddawarsu ke nan. Ni da na tsallako teku da daddawa a jaka, wai ina toshe hanci don ta wani. Sau biyu na nemi ƙarin shinkafa, abokin nan yana ta yi mini dariya.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne naman alade. Yana ko'ina, har a mai da romo. Za a koya maka cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, amma kaskon ɗaya ne, cokalin ɗaya ne. Nemi tambarin halal mai rubutun Larabci, ko wurin Musulmi. A kudu da sauƙi. In Bankok za ka zauna, nufi unguwar Ramkhamhaeng ko kewayen masallacin Haroon da ke Bang Rak. "Mai phet" kuma, kada abinci ya yi zafin barkono ke nan. A koriyar miyar nan ba ta da amfani, don tun a turmi aka daka shi ciki.

Kada ka ɗauko kilishi, ana iya ƙwace shi a filin jirgi. Kuka dai ka zo da mudu biyu, ɗaya nawa ne.