Kamfani ya kawo dashen turare kyauta, in ba da gonata?

Tambaya: Ni manomi ne a wajen Shika, ina da gonar gado kadada biyu. Wasu 'yan kamfani sun ce za su ba mu dashen itacen turare kyauta, mu rena, in ya isa sara su saya. In karɓa, ko in ci gaba da masarata?

Amsa: Malam, ka karɓa, amma kada ka ba da gonar duka. Turare yana yi a ƙasarmu. Tun shekarun 1960 tashar binciken gandun daji ta Samaru ke gwada shi, kuma duk wanda ya ga gandun Afaka kusa da Kaduna ya san haka. Kasuwa ma akwai, magina na neman sandunansa kullum. Wahalar tana wurin jira. Sai ka yi shekara biyar zuwa bakwai kafin ka ga kuɗin kirki, iyali kuwa kullum sai an ɗora tukunya.

Don haka ka ware masa gefe, inda ƙasa ta gaji ko take da tsakuwa. Idan ka ba da tazarar mita 3 ta kowane ɓangare, kadada ɗaya tana ɗaukar itace 1,111. Damina biyun farko kana iya shuka wake, gyaɗa ko waken suya a tsakani, noman da kake musu shi ne renon itacen. Daga nan inuwa ta rufe. Kada ka kai shi bakin fadama ko kusa da rijiya, shan ruwa gare shi ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar yarjejeniya, domin nan ake cutar talaka. A rubuta ƙarara cewa gona taka ce, itace naka ne, kamfani mai saye ne kawai. Kada ka yarda a yanke farashi yau. Ka san yadda darajar naira ke zubewa, kuɗin da ya yi maka daɗin ji bana ba lallai ya sayi buhun taki ba ranar sara. A ce farashin kasuwa na ranar. A kuma rubuta cewa in ba su zo saye ba a kan lokaci, kana da ikon sayar wa kowa. Sannan turare yana tohuwa bayan an sare shi, to tohon na wa? A faɗa tun yanzu.

Tunda gonar gado ce, ka zauna da 'yan'uwanka kafin ka sa hannu, a yi a gaban mai unguwa ko dagaci. In kun haɗu ku goma ko ashirin a ƙungiya, kamfani zai fi jin maganarku.

Ka tambaye su wa zai sayi maganin gara, don ita ke cinye saiwar dashe a shekarar farko. Kafin hunturu kuma ka share kewayen gonar fes saboda gobarar daji.