Amsa: Zoben azurfata ya yi baƙi, jabu aka sayar min?

Malam, ka ce zoben da ka saya a Kasuwar Barci ya yi baƙi, kana tsoron ko jabu ne. A'a, baƙin nan ba shaidar jabu ba ne, halin azurfa ne. Idan ta haɗu da sinadarin farar wuta, wato sulfa, sai wani baƙin gishiri mai suna silba salfaid ya kwanta a bayanta, cikin kuwa lafiya lau. Sulfar tana cikin iska, tana cikin ƙwai da albasa, har da robar ɗaure kuɗi da sabulun ƙuraje. Duba cikin zoben, in ka ga 925 to kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe, ko da yake hatimin ma ana yin na ƙarya.

Don Allah kada ka goge shi da toka ko yashi, azurfar kake kankarewa. Shimfiɗa takardar alminiyam a kwano, ka ɗora zoben ya taɓa ta, ka zuba ruwan zafi da cokali ɗaya na bekin soda. Za ka ji ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, sulfar ce ke barin zoben, haka nake wanke nawa. Amma in da dutse a jiki, kai wa maƙerin fari, don ruwan zafi na sassauta gam. In kuma ja ko rawaya ya ɓullo bayan wanki, ruwan azurfa kawai aka shafa masa.